Shekarar da Muka Ba da Kurciya

'Ya'yana, na ji Usama yana waya da masu sayen tsohon ƙarfe a kan karafan ɗin nan na bayan gida, ɗakin nan mai taya da jikokina suka mayar gidan zomaye. Na kuma daɗe ina jin abin da kuke faɗa a tsakaninku, wai babanku ya rabu da motar amarcina bai shawarce ni ba, wai shi ya sa nake yin shiru duk sa'ad da mota shuɗiya ta gifta. Ban san wanda ya fara shuka muku wannan magana ba. Amma tun da idona yana gani da tabarau, hannuna kuma bai fara rawa sosai ba, bari in gyara ta kafin a zo a ja ƙarfen. Kuna yi mini dariya a kan littattafan soyayyar da alhazan Kano suke kawo mini, kuna cewa tsohuwa da karatun 'yan mata. To ku sani, duk cikinsu ban ga wanda ya kai nawa daɗi ba.

Sunan motar Kurciya. 'Yar ƙarama ce mai doro, injinta a baya, shuɗiya kamar sama bayan an idar da sallar asuba. Babanku tela ne a lokacin, yana da ɗan shago a unguwar Zahir, nan cikin Makka, kuma a hannun wani malamin makaranta Bamisire da zai koma gida ya same ta. Da ita ya neme ni. Idan ya iso bakin lungunmu kunya ba ta barinsa ya aiko yaro, sai dai ya taɓa hon. Wata 'yar siririyar murya ce da hon ɗin, kamar tsuntsu yana roƙon a buɗe masa taga, ni kuwa ko ina tsakiyar tuƙa tuwo ne sai muciya ta nemi kuɓuce mini. Ƙannena su rugo suna ihu, wai Yaya Rakiya, Kurciya ta yi kuka. A cikinta aka kai ni ɗakina a Ka'akiyya, lokacin unguwar duk gidajen kwano ne da katako, iska na shiga ta ko'ina. Da safe na leƙo na gan ta a ƙofar gida, raɓa ta kwanta a gilashinta, babanku yana goge ta da gefen rawaninsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Rakiya, muddin ina numfashi motar nan ba za ta bar ƙofar gidanki ba."

Kakarku, Inna Tabawa, ba ta ga abin burgewa a jikinta ba. Bagobira ce, da ƙafa ta zo ƙasar nan, babanku yana goye a bayanta, mijinta kuma a hanya ta binne shi. Mace ce mai jiki, mai murya, idan ta kira ka daga tsakar gida sai na bakin famfo ya amsa. Da tuwo da fura ta raini ɗanta, tana sayar wa alhazai. Har ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan mutumin, kuma harshenta bai taɓa barin Gobir ba. Ranar da aka fara nuna mata Kurciya ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa rufin da yatsa.

"Wagga ba mota ba ce," in ji ta. "Ƙwarya ce anka kihe bisa taya."

A shekarar da nake ba ku labari, ina ɗauke da cikin yayarku, Inna ta zame a bakin famfo ƙugunta ya karye. An yi ɗori, ya kama, amma zama ya gagare ta. Kwanciya kawai take iyawa, sai a jingina ta da matasai idan za ta ci abinci. Ba ta daina faɗa ba, ba ta daina ba'a ba, daga kan tabarmarta take tafiyar da gidan. Sai alhazan farko na jirgin ruwa suka iso, a cikinsu akwai wani dattijo ɗan garinsu, ya zo gaishe ta ya gaya mata yayarta Kande ta rasu tun da damina. Nan muka ji abin da ba mu taɓa ji ba. Ashe ranar da za ta baro gida, Kande ta rako ta har bayan gari, Inna ta riƙe hannunta ta yi mata alkawari: idan Allah bai nufe ki da zuwa ba, ni zan tsaya miki a Arfa. Babanku ya durƙusa ya ce shi zai yi wa marigayiyar aikin, ai ya halatta.

"Kai ka yi mata alkawali, ko ni?" in ji Inna.

Ɗawafi da sa'ayi ba abin damuwa ba ne, akwai 'yan uwanmu masu ɗaukar gajiyayyu a kan gadon katako, kuma duk sun ci tuwon Inna. Arfa ce matsalar. Motocin alhazai cike suke har kan rufi, ba inda za a shimfiɗe mai karaya, bayan akori-kura kuwa rana ce tsagwaronta. Muna cikin wannan tunani sai Allah ya jefo karafan. Wasu masu aikin hanya ne a wajen Jidda, babanku ya daɗe yana ɗinka musu tamfol, da suka gama aikinsu babbansu ya bar masa shi. Wata babbar mota ta kawo shi har ƙofar gida. Fari fat, da tagogi, da gado, da 'yan kabad-kabad. Unguwa ta fito kallo kamar an kawo giwa. Aka ɗaga Inna ta leƙa ta ƙofa, ta daɗe tana dubansa.

"Ɗaki mai ƙahwa," ta ce. "To, Kande, kin ga ikon Allah."

Ni kuwa tuni zuciyata ta yi gaba. Na ga Kurciya shuɗiya a gaba, farin ɗaki yana biye da ita a hankali kamar amarya da mai riƙe mata lulluɓi, mutane suna darewa, mata suna tambayar na wane ne. Na sa babanku ya ɗinka labule shuɗi don su dace. Na yayyafa ruwan wardi a kan katifar. Launi na duba, 'ya'yana, launi kawai, kuma shi ma babanku idon tela gare shi. Mutum ɗaya ne bai shiga mafarkin ba, Mamman, ɗan ƙanen Inna, taubashin babanku, wanda ke tuƙa tankar ruwa. Ya zo ya tsaya da hannu a ƙugu, ya dubi motar, ya dubi ɗakin, ya sake duban motar.

"Ya shaikh, tambaya gare ni. Wa zai ja wa?"

"Jeka ka toshe yoyon tankarka," in ji babanku. "Rabin ruwan Makka a titi kake zubar da shi."

"Mai allura, wannan ba zare ba ne da za ka ja da ɗan yatsa. Na gaba shi ya kamata ya fi na baya nauyi. Wannan 'yar taka ko ni na jingina da ita sai ta matsa."

"Hassada ce ke cinka. Ka tsaya ka gani."

Muka sa ranar gwaji, da la'asar sakaliya. Inna ta ce ita ba ta zuwa Arfa ta ci busasshen burodi, sai an tafi da turminta, da dutsen niƙa, da tukunyar ƙarfe, da buhun gero, da randa. Matan unguwa suka taru shirya kaya, maƙwabciyarmu Hajiya Laure tana ba da umarni. Ba wadda ta yi shawara da wata a kan inda za a ajiye su, don kowace mace ta san madafa a bayan gida take. Wa zai sa turmi kusa da gado? Sai muka jibge su kaf a can ƙarshen ɗakin, muka bar gaba fes da katifa da labule. Da babanku ya zo ɗaura wuyan karafan da sarƙa a jikin bambar Kurciya, sai ya ga wuyan yana tashi sama da kansa.

"Kin gani ko? Ba shi da nauyin komai. Da yatsa ɗaya nake ɗaga shi. Ina Mamman yake?"

Hajiya Laure da 'yan matanta suka shige ciki don su gaya wa Inna yadda kwanciyar take. Ni na zauna a gaba kusa da babanku, na gyara lulluɓi. Inna tana kwance a bakin ƙofa tana kallo. Kurciya ta yi nishi, ta yi kuka, ta yi rawar jiki, sannan a hankali ta motsa. Guɗa ta tashi daga cikin ɗakin, yara suka biyo mu a guje. Wallahi a wannan ɗan lokaci ban ga macen da ta kai ni ba a duk faɗin Makka. Haka muka tafi har inda hanya ta fara gangarawa wajen kwari. Can na ji kamar wani ya kama motar ta baya yana girgiza ta. Na waiwaya, sai na ga ɗakin yana kaɗa gindi, dama, hagu, dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Babanku ya taka birki, Kurciya ta so tsayawa, ɗakin ya ce bai san wannan ba, ya ci gaba da tura mu. Turmi ya kwance yana birgima a ciki kamar ana buga tambari. Guɗa ta koma salati. Sai wani ƙara, ƙwas, bamba ta fita, mu muka nutse a cikin tulin yashin wasu magina, muka tsaya cak.

Muna zaune a wurin, ƙura na sauka, karafan ya zo ya wuce mu shi kaɗai, cikin natsuwa, labulena shuɗi yana kaɗawa, fuskar Hajiya Laure cike da taga, bakinta a buɗe. Ya gangara ya je ya tsaya a cikin tarin kankanar wani Balaraben ƙauye da ke gefen hanya. Mutumin ya tashi ya zagaya gaba yana neman direban da zai kama, bai ga kowa ba, ya koma baya, bai ga kowa ba. Sai ƙofa ta buɗe, Hajiya Laure ta fito, ɗankwali a wuya, gero har cikin kunne.

"Jama'a, mun iso Arfa ne?"

Ba wanda ya ji ciwo, sai randa. Babanku ya sasanta da mai kankana, unguwa ta sha fasasshiyar kankana har ta gundure mu. Mamman ne ya zo da tankarsa ya jawo ɗakin gida, yana tuƙi yana share hawayen dariya. Inna ta yi dariya har ta riƙe ƙugu tana cewa a yi mata rai. Amma da dariya ta lafa, Mamman ya zaunar da babanku ya yi masa magana ta gaskiya. Ya ce kurakurai ne a haɗe. Kaya masu nauyi a ƙarshen ɗaki su ne suka ɗaga wuyansa suka sa shi rawa, kuma ba a ɗaura abu irin wannan a bamba. Waɗannan duk masu gyaruwa ne. Wanda ba ya gyaruwa shi ne Kurciya ba ta kai nauyin abin da take ja ba, kuma birkinta na tsayar da kanta ne kawai. Ya ce akwai ɗan wani Bahadrame, Balaraben Yaman, mai kanti a Zahir da ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan Kurciya, ubansa kuma yana da tsohuwar wanet, motar nan mai buɗaɗɗen baya, tana zaune ba ta aikin komai. Musaya kawai za a yi.

"Halas, bar maganar," in ji babanku. "Na yi alkawari a kan motar nan."

Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya cire kabad, ya cire teburi, ya kwashe kaya, ya sa aka gyara bamba, ya sake fita da ɗakin ba kowa a ciki. Ya dawo fuskarsa a sanyaye, ya ce ko babu komai a ciki, a gangare ɗakin ne ke mulki. Aka ga watan Zulhajji. Gari ya cika da fararen kaya da harsuna iri-iri. Sai wata safiya na ga ya shiga wurin Inna ya durƙusa, yana wasa da bakin tabarma, ya ce mata a yi haƙuri bana, baɗi in Allah ya so zai yi shiri mai kyau tun da wuri. Na jira tsawa. Na jira ta ce masa wancan mutumin bai gaji ubansa ba. Sai kawai ta juya fuska ga bango.

"To. Allah shi kai mu."

Wannan sanyin muryar ya fi kowace tsawa tayar mini da hankali. Da rana ina matsa mata ƙafa da man zaitun, ba tare da ta dube ni ba ta ce, ita ta san abin da take ji a jikinta, babu wani baɗi. Ba ta roƙe ni komai ba. Ko sunan motar ba ta ambata ba. Na fita na buɗe Kurciya na zauna a ciki, na rufe ƙofa duk da zafin. Ƙamshin turarena na amarci yana nan a kujerar. Na shafa sitiyari, na tuna muciya na kuɓuce mini, na tuna raɓar nan ta safiyar farko. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye muku ba, irin kukan da 'yan matan littattafaina suke yi a jikin taga. Da na gama na share ido, na jira babanku ya dawo daga shago, na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Maigida, alkawarin nan da kake ta faɗa, wa ka yi wa?"

"Ke mana."

"To ni ina raye, ina da baki, na yafe shi. Wadda Inna ta yi wa nata tana cikin ƙasa, ba ta da bakin yafewa."

Ya tsaya yana kallona, takalmi ɗaya a hannu. Ya ce in sake tunani. Na ce idan na sake tunani zan fasa, don haka ya yi sauri. Kun ji yadda aka yi, 'ya'yana. Ni na ba da Kurciya. Babanku har bakin lungu yana waiwayena ko zan kira shi.

Da yamma ya dawo da abin da aka ba shi. Allah ya yafe mini, ban taɓa ganin mota mai muni irinta ba. Launin toka da tsatsa, fitila ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon ƙasa, tana warin awaki, idan ta tashi sai kwanon rufin maƙwabta ya amsa. Mamman ya buga mata gefe ya raɗa mata suna Ɓauna, ya ce yanzu aka yi aure tsakanin tsara. Ya kawo mai walda ya dasa ƙugiya a jikin ƙashin motar kansa. Aka mayar da gado tsakiyar ɗaki, daidai kan tayoyi. Turmi da dutsen niƙa suka koma bayan Ɓauna, aka ɗaure su tamau. Sauran kaya aka shimfiɗa su a ƙasa kusa da gado, ana matsawa gaba kaɗan, baya kaɗan, kowane lokaci Mamman yana sa babanku ya ɗaga wuyan ɗakin.

"Ban ji nishi ba, mai allura, a ƙara matsowa gaba. Yawwa! In ka ɗaga da yatsa zai yi rawa, in ya gagare ka zai danne motar. Nishi ɗaya na namiji, shi ne daidai."

Hajiya Laure ta tsaya daga nesa tana cewa ita ba ta taɓa ganin gidan da madafa ke tsakar ɗaki ba, kuma ko da kuɗi ba za ta sake shiga ba. Babanku ya yini a fili yana koyon ja da baya, ya karkata nan ɗakin ya tafi can, har ya gane kan abin. A gangaren nan da ya kunyata mu, Ɓauna ta sauka a hankali, ɗakin yana binta kamar ɗan rago. Da aka ɗauko Inna aka shimfiɗe ta a gadon, Mamman ya leƙo.

"Gwaggo, kada ki motsa fa. Ke ce kika daidaita mana nauyi."

"Ɗan banza, ubanka ya hi ni nauyi. Ja mu tahi."

Ranar hawan Arfa ni ce a ciki tare da ita, ina riƙe da kafaɗarta, ina yi mata fifita. Tafiyar ba ta fi ta mai ƙafa sauri ba. Ta taga ina ganin farare ko'ina, bisa motoci, bisa raƙuma, a ƙasa, murya ɗaya tana tashi tana sauka, Labbaika. Mutane suna leƙowa su ga wane sarki ne a ciki, sai su ga tsohuwa Bagobira tana jan carbi tana harararsu. Da muka isa babanku ya juya ɗakin har ƙofarsa ta fuskanci alƙibla, muka jingina ta da duk matasan da muke da su. Ta yi addu'o'inta har rana ta karkata. Can sai na ji ta yi magana a hankali, da wata murya ta yarinya da ban san tana da ita ba.

"Kande, ga ni. Na daɗe, amma ga ni."

Na fita na bar su su biyu.

Da rana ta faɗi aka ɗunguma zuwa Muzdalifa, hanya ta cushe, kowa yana danna hon, ƙato da ƙato, kamar shanu a mashaya. Ina zaune kusa da Inna, zuciyata fal da daɗi, amma can ƙasa akwai ɗan wurin da ke yi mini zafi. Sai daga gabanmu, daga cikin ƙirjin wannan mummunar Ɓauna, na ji 'yar siririyar murya, tsuntsu yana roƙon a buɗe masa taga. Na daskare. Ta sake yi. Na yaye labule, sai ga babanku ya leƙo da kai ta tagar motar, kafaɗa a waje cikin harami, yana murmushi har kunne. Ashe ranar musaya bai bar Zahir ba sai da ya roƙi ɗan Bahadramen ya bar masa hon ɗin, ya dasa shi a jikin Ɓauna, kuma tun daga ranar bai taɓa shi ba, yana ajiye mini. Direbobin da ke kewaye suka fashe da dariya, wani yana cewa ya shaikh, wace ce ta shaƙe ta. Inna ta kasa kunne, ta gane, ta kamo hannuna ta matse.

"Ashe ƙwaryar ce ta kawo mu, ɗiyata."

Ta ga haihuwar yayarku, ta yi mata wanka da bakinta daga kwance, tana faɗa wa ungozoma. Ba ta ga wani aikin hajjin ba. Kurciya kuwa na sha ganinta a Zahir, an yi mata jan fenti, an sa mata wani hon mai haushi. Shirun da nake yi idan mota shuɗiya ta wuce, kunne nake kasawa, ba fushi ba ne. Usama, ka sayar da ƙarfen idan ka ga dama, ka nema wa zomaye wani gida. Hon ɗin dai yana cikin akwatina, a naɗe cikin labule shuɗi, kuma idan ka kawo mini batir zan sa ku ji muryar da babanku ya kira ni da ita.